Tambayi Dakta: An canza min maganin soriyasis, yau sati uku allurar tana firij na kasa yi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙo uku na ware wannan karon, duk a kan ciwo ɗaya ne, soriyasis, kuma su ukun ba ciwon ne ya hana su barci ba, maganin ne. Ga wanda bai san shi ba, ciwon fata ne da wuri ke yin kauri ya yi ɓawo fari-fari yana zuba kamar gari, ya fi son gwiwa da gwiwar hannu da fatar kai da ƙugu, wani har farce yake ɓatawa. A baƙar fata ba lallai ya fito ja ba irin na hotunan intanet, ya fi yin duhu ko ruwan toka, shi ya sa ake daɗewa ana ce masa kirci ko makero ko amosanin kai. Ba a ɗaukarsa a jikin wani ko da gado ɗaya ake kwana. Garkuwar jiki ce ke zungurar fata, ƙwayoyin da ya kamata su ɗauki wajen wata guda kafin su girma su zube sai su yi a 'yan kwanaki, su taru kan juna. To bismillah.

TAMBAYA: Salam Dakta, dan Allah ki taimaka min da shawara don wlh na rasa wanda zan faɗa ma wannan maganar. Shekarata 34, shekara 11 kenan ina fama da soriyasis, tun ina shafe-shafe har aka ɗora ni kan methotrexate, ƙwaya shida duk daren Asabar, nayi shekara uku a kai. Da farko alhamdulillahi kamar anyi ruwa an ɗauke, har na manta da kakkaɓe garin fata daga zanin gado da safe, to daga baya sai tashin zuciya ya sako ni gaba, abin har ya kai tun ranar Juma'a in na tuna gobe Asabar zuciyata ta fara tashi, ko kwalin na hango sai miyau ya cika min baki. Sau biyu kuma gwajin hanta yana nuna ya hau, ga yatsuna biyu sun fara kumbura, da safe ko marfin kwalba bana iya murɗewa sai rana ta ɗaga. Shine likitana yace mu ajiye shi mu koma allura, adalimumab sunanta, akayi min gwajin tarin fuka da hoton ƙirji da na ciwon hanta duk lafiya lau, na karɓo na saka a firij. A daren na warware takardar nan ta cikin kwali, Dakta kamar tabarma, na karance ta tas, naga tarin fuka naga kansar jini naga ciwon zuciya har mutuwa an rubuta a ciki. Na shiga wani gurup na masu irin ciwon, can ma wata tace allura biyu kawai tayi sai gadon asibiti. Yau sati uku alluran suna nan, kullum na buɗe firij zan ɗau ruwa sai mun haɗa ido in mayar da ƙofa in rufe. Methotrexate ɗin kuma na riga na daina, fatar gashi ta fara dawowa har bayan kunne. Abinda yafi damuna, da nas ɗin ta kira ta tambaye ni sai kawai naji bakina yace eh na fara. Ina da yara ƙanana Dakta, ina tsoron garin neman gira in rasa ido. Ya zanyi? Daga 'yar uwarki, uwar yara biyu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jiki, Allah ya yaye. Zan fara da wancan "eh na fara" ɗin, ba don in ba ki kunya ba, ai mutane da yawa sun taɓa faɗar irinsa kafin ke, sai don shi ne zai fi saurin cutar da ke. Ita wannan allurar ana duba ko ta yi aiki ne a wajen sati 16 da farawa. In kika koma aka duba fatarki aka ga ba canji, likitanki zai rubuta a fayil cewa adalimumab bai karɓe ki ba, ya tsallake shi zuwa wani, kin ga an ƙone miki magani guda da ko taɓa jikinki bai yi ba, alhali magungunan nan ba su da yawan da za a riƙa zubar da su haka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki kira nas ɗin nan gobe ki ce mata ban fara ba, tsoro nake ji. Wlh ba ke ce ta farko da za ta ji haka daga bakinta ba.

Sannan ki lura da inda kike tsaye yanzu. Ke kina ganin kin tsaya a tsakiya kina shawara, amma jikinki bai san ana shawara ba, shi dai ya san sati uku ba tsohon magani ba sabo. Fatar ba ta dame ni sosai ba, ita ko ta baje ana iya kwantar da ita daga baya. Yatsun nan ne. Cikin masu soriyasis har kusan 3 cikin 10 ciwon kan shiga gaɓoɓi, kuma kumburin yatsa da sandarewar safe da kika kwatanta irin alamunsa ne. Gaɓa in ta cinye ba ta dawowa. Ina kyautata zaton saboda yatsun ne ma likitanki ya zaɓi wannan allurar, don tana aiki a fata da gaɓoɓi duka. Rashin shan magani shi ma yana da nasa illolin, kawai dai ba wanda ya buga su a takarda ya cusa miki a kwali.

Yanzu ita takardar. Ba ƙarya aka rubuta ba, amma ba a rubuta ta don karatun dare ba. Doka ce ta tilasta wa kamfani ya jera kusan duk abin da aka gani a jikin masu amfani da maganin, na kullum da na sau ɗaya a dubban mutane, duk a shafi guda da rubutu iri ɗaya, sai ido ya ɗauke su daidai wa daida. Ki sake buɗe ta, da rana wannan karon, ki nemi kanun da ke saman kowane rukuni. Akwai wanda ake samu a fiye da mutum 1 cikin 10, akwai na har 1 cikin 10, sai na 1 cikin 100, sai na 1 cikin 1,000, wasu ma ba su kai 1 cikin 10,000 ba. A rukunin farko abin da za ki tarar su ne ja ko ƙaiƙayi ko ɗan kumburi a wurin allura, mura da ciwon maƙogwaro, ciwon kai, da makamantansu. Su ne ya kamata ki sa rai da su.

Maganar kamuwa da cuta gaskiya ce, ba zan shafa miki mai a baki ba. Adalimumab yana toshe wani sinadari ne na garkuwar jiki da ake kira TNF, wanda shi ke rura wutar kumburi a fata da gaɓa, amma kuma shi ɗin dai yana cikin masu gadin da ke tsare ƙwayar tarin fuka in tana kwance a jikin mutum ba ta tashi ba. In aka cire mai gadi ba a duba ba, tana iya farkawa. Dalilin gwajin da aka yi miki kenan, da na ciwon hanta nau'in B. Wato abin da kika karanta da dare ya tsorata ki, likitanki ya riga ki tsoronsa, har ya ɗau mataki kafin ya miƙa miki kwalin. Na kansar jini kuwa, gargaɗin yana nan kuma ba a sa shi don ado ba, sai dai abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuma wani nau'insa mafi muni an fi ganinsa ne a samari masu ciwon kumburin hanji da aka haɗa musu irin wannan allurar da wani maganin danne garkuwa daban. Abin da ya rage naki shi ne ki tabbatar likita ya san in kin taɓa yin kansa, ko kina da raunin zuciya, ko wata cutar jijiyoyi, don waɗannan suna iya canza shawara.

Kuma ba jiya aka fito da maganin nan ba. Tun ƙarshen 2002 aka amince a riƙa ba masu ciwon gaɓoɓi shi a Amurka, bayan 'yan shekaru aka amince da shi a soriyasis. A Birtaniya da Ayilan akwai rajista ta musamman da likitocin fata suka buɗe tun 2007 suna bin masu soriyasis da ke kan irin waɗannan allurai shekara da shekaru don su ga abin da ke biyo baya. Kuma sa idon ba na wasa ba ne, akwai wata allurar soriyasis mai suna efalizumab da aka janye daga kasuwa a 2009 bayan an samu wasu 'yan marasa lafiya da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa. Ni wannan labarin kwantar min da hankali yake yi, don ya nuna in abu ya fito ba a rufe shi.

Gurup ɗin da kika shiga kuma, ba na cewa baiwar Allahn nan ƙarya ta yi. Amma ki tambayi kanki, wadda ta yi allurarta fatarta ta washe ta koma harkokinta, me zai dawo da ita gurup ƙarfe biyun dare ta yi rubutu? Wanda abin ya yi wa daɗi shiru yake yi, wanda ya sha wuya shi ke magana, sai ki shiga ki ga kamar kowa a kwance yake. Ba ki san shekarunta ba, ba ki san sauran cututtukanta ba, ba ki san ko an yi mata gwajin da aka yi miki ba. Ki fita na wata biyu, ko ki kashe sanarwarsa, in kin daidaita kya koma ki ba wasu labari.

Akwai wani abu da ke da kanki kika ba ni hujjarsa. Kin ce tun Juma'a zuciyarki ke tashi, maganin kuma sai daren Asabar. To me ya tayar miki da zuciya ran Juma'a? Ba ƙwaya a cikinki. Jiki ne ya koyi darasi, ya haɗa ranar da wahala, ya fara wahalar tun kafin a zo. Ba ƙirƙira kika yi ba, tashin zuciyar na gaske ne, miyau ɗin na gaske ne, tushensa ne dai ba a ciki yake ba. Likitoci na kiran irin wannan nosibo, wato tsammanin illa ya haifar da illa. An yi wani bincike a Landan da aka wallafa a 2020 kan mutum 60 da suka daina shan maganin rage kitsen jini saboda yana wahalar da su. Aka ba kowa kwalabe 12, na wata-wata, huɗu da maganin gaske, huɗu da ƙwayar bogi, huɗu ba komai a ciki, ba su san wacce ce ta gaske wacce ce bogi ba, kullum suna rubuta yadda suke ji. Da aka tattara sai aka ga kusan kashi 90 cikin 100 na wahalar da suke ji da maganin gaske, sun ji ta da ƙwayar bogi ma. Rabinsu suka koma shan maganinsu bayan an nuna musu sakamakon. Na kawo miki wannan ne don ki shirya, ranar da kika yi allurar farko da wuya ki rasa jin wani abu, bugun zuciya ko jiri ko zafi a fuska, kuma kunnenki zai kasance a kan jikinki kamar mai jiran sallama. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, ke kuma shekara uku methotrexate yana saranki duk Asabar.

Don haka kar ki yi ta farko ke kaɗai a ɗaki. Ki ɗauki kwalin a cikin abin sanyi ki kai asibiti a yi miki a gaban nas, ki zauna rabin awa, ki tafi da wani naki. Yawanci a soriyasis ana farawa da miligiram 80, bayan sati ɗaya 40, daga nan 40 duk sati biyu, amma ki bi abin da aka rubuta miki. Ki nuna musu alluran su duba, in dai ba su daskare ba kuma kwanan watansu bai wuce ba, zaman sati uku a firij bai ɓata su ba. In za ki yi a gida nan gaba ki fito da ita ta huce kamar minti 15 zuwa 30, da sanyinta ta fi zafi, a cinya ko a ciki nesa da cibiya kaɗan, kina canza wuri, kuma ban da kan fatar da ciwon yake. Ki sa likita ya rubuta miki a 'yar takarda da hannunsa abin da za ki ƙyale, kamar jan wurin allura da 'yar mura, da abin da za ki kira a kansa kafin allura ta gaba, kamar zazzaɓi, tarin da ya ƙi tafiya, zufar dare, rama ba dalili, ciwon da ya yi ruwa, da kuma abin da ba a jira, kumburin fuska ko leɓe ko numfashi ya sarƙe. Ki manna ta a ƙofar firij ɗin nan da kuke haɗa ido. In abu ya taso ki duba 'yar takardar, ba waya ba. Kuma kafin kowace allurar rigakafi ki faɗa musu kina kan wannan maganin, don akwai masu rayayyen ƙwayar cuta irin ta shawara da ba a yi wa wanda ke kansa.

In kuma bayan duk wannan kin ji dai ba za ki iya ba, ki faɗa, ba laifi ba ne. Akwai wasu alluran da ke toshe wata hanyar daban, irin su secukinumab da guselkumab da risankizumab, kowanne da nasa hali. Amma in fargabar ta wuce maganar allura, ba barci, gaba na faɗuwa ba dalili, kina ta laluben jikinki, to ita ma ciwo ce mai zaman kanta kuma tana da magani, ki nemi a haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara. Damuwa na cikin abubuwan da ke tayar da soriyasis, kar a bar ta tana ƙara wa wutar itace. Ki rubuto min bayan allura ta biyu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum 'yata Dakta. Ni dattijo ne, a kan yarona nake tambaya, shekararsa 26. Man shafawa ya daina yi masa aiki sai likita ya rubuta masa methotrexate, wai ya haɗiye ƙwaya shida a rana ɗaya sannan sai wani satin. Da ƙaninsa ya duba a waya sai ya ce min maganin kansa ne. Hankalina ya tashi, na ce yaron da ba shi da kansa don me za a ɗura masa wannan, kuma shida a lokaci guda ai ya yi yawa. Sai na ce masa ya riƙa shan ɗaya-ɗaya kullum don jikinsa ya ɗauka a hankali. Yau kwana tara, yana cewa bakinsa ya yi ƙuraje ba ya iya cin abinci. Shin maganin ne bai karɓe shi ba mu nemi a canza? Na gode, Allah ya yi albarka.

AMSA: Amin Baba, na gode. Masu karatu, wannan saƙon ban jira fitowar mujalla ba, a ranar da ya shigo na amsa wa Baba cewa yaron ya dakatar da ƙwayar nan take, a kai shi asibiti a ranar a auna jininsa, a tafi da kwalin, a faɗa musu ƙarara kullum yake sha. Na roƙi izininsa in buga don kar wani ya maimaita.

Baba, niyyarka mai kyau ce, kuma a yawancin magunguna hankalin da ka yi daidai ne, a raba a sha kaɗan-kaɗan. Methotrexate ne ya fita daban. Sau ɗaya a sati ake shansa, rana guda tak, kuma kwana shidan da ke tsakani ba banza ba ne, a cikinsu ne ɓargo da fatar baki da hanji suke hutawa su farfaɗo. In aka sha kullum, ko ƙwaya ɗaya ce, ba hutu, sai ƙwayoyin jini su faɗi, baki ya yi gyambo, ƙaramar cuta ta zama babba. An rasa rayuka ta wannan kuskuren a ƙasashe da dama, shi ya sa za ka ga ana buga gargaɗin sau ɗaya a sati a jikin kwalin. Ƙurajen bakin nan ba alamar maganin bai karɓe shi ba ce, alamar ya yi masa yawa ce.

Maganar kansa kuwa, ƙaninsa bai yi ƙarya ba amma rabin zance ya kawo. Ana amfani da shi a wasu nau'in kansa, sai dai a can wani lokaci ɗaruruwan miligiram ake bayarwa har dubbai ta jijiya. A soriyasis yawanci tsakanin 7.5 ne zuwa 25 a sati, shidan da aka rubuta masa in 'yan 2.5 ne ka ga 15 kenan. A wannan ɗan adadin aikinsa lallashin garkuwar jiki ne, kuma sama da shekara 50 likitocin fata suna ba da shi. In ya warware likitansa ya ga ya dace a koma, to a zaɓi rana ɗaya a rubuta ta ɓaro-ɓaro a kwalin, a sha folik asid da za a haɗa masa a wata ranar daban don yana rage tashin zuciya da ciwon baki, a riƙa zuwa gwajin jini da hanta da ƙoda, da farko a kai a kai, daga baya duk wata biyu ko uku. Ban da giya. Kuma duk inda za a ba shi wani magani ya ce yana kan methotrexate, musamman Septrin, haɗa su biyun haɗari ne babba. Kar a yi saurin yanke masa hukunci kuma, yakan ɗauki wata biyu zuwa huɗu kafin a ga amfaninsa sosai. Ga mata masu karatu, ba a shansa da ciki ko ana neman ciki. Baba in za a koma wurin likita ka bi shi, ka yi duk tambayar da ka yi min a gabansa, haƙƙinka ne.

TAMBAYA: Dakta barka da aiki. Ni matsalata shekara biyu ina shafa wani kirim mai clobetasol da nake siya da kaina, in abin ya tashi sosai kuma in haɗa da prednisolone na 'yan kwanaki, kwana uku fes. Da naje asibiti likita yaga cinyata tayi nankarwa fatar tayi siriri sai yace in bar su ya bani calcipotriol. Gsky sati biyu kenan abin sai ƙaruwa yake, ga raɗaɗi in na shafa, inaga wannan sabon ne yake ƙona ni. In koma na da? Ɗalibi mai neman mafita.

AMSA: Ƙanina kar ka koma, amma ka koma wurin likitan cikin satin nan. Abin da kake gani yawancinsa ba aikin sabon ba ne, ramuwar gayya ce ta tsohon. Clobetasol na cikin mafi ƙarfin sitiroyid na shafawa, an yi shi don 'yan makonni ne ba shekara biyu ba, in fata ta saba da shi aka janye rana ɗaya sai ciwon ya dawo da fushi. Likita na iya sauko da kai mataki-mataki, ko ya ba ka wanda aka haɗa calcipotriol da sitiroyid ɗin da bai kai clobetasol ƙarfi ba a bututu ɗaya na ɗan lokaci. Shi calcipotriol dangin bitamin D ne, ba ya sirantar da fata, amma ba shi da sauri, sai ka ba shi sati shida zuwa takwas, kuma ɗan raɗaɗi a farko sananne ne. Kar ka kai shi fuska sai in an ce maka, ka wanke hannu bayan shafawa, kar ka wuce giram 100 a sati don yana iya ɗaga sinadarin kalsiyam a jini. Ma'auni mai sauƙi, abin da ka matso daga kan ɗan yatsanka zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Ka yawaita man da ke riƙe laima irin Vaseline, yana rage raɗaɗin.

Prednisolone ɗin ne, wato sitiroyid na sha, ban ji ka ce ka faɗa wa likita ba, kuma ya fi kirim ɗin damuna. Sha a daina, sha a daina, yana iya juya soriyasis na wuri-wuri ya koma mai ƙurajen ruwa ko ya mamaye jiki gaba ɗaya, irin wanda sai an kwantar da mutum. In kana kan shansa yanzu kar ka yanke da kanka, a tsara maka yadda za ka sauka. In kuwa ka ga ƙananan ƙuraje masu farin ruwa suna fesowa, ko jiki ya ɗau zafi ko'ina da zazzaɓi da rawar sanyi, wannan na gaggawa ne ko tsakar dare ne. Nankarwar da ta riga ta fito za ta dushe amma ba lallai ta ɓace duka ba, gara ka ji daga bakina. Ranar da za ka je ka zuba duk abin da ka taɓa shafawa ko sha a leda ka tafi da su, har bututun da ya ƙare ka matse shi.